Bayan Sa Hannu: Matsayin Sadarwa Tsakanin Masu Ruwa da Tsaki Kan Ɗibar Albarkatun Halittu da Rabon Amfaninsu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda labari ke tafiya tsakanin gwamnati da masu bincike da kamfanoni da al'ummomin karkara a sha'anin ɗibar albarkatun halittu da rabon amfanin da ake samu daga gare su. Ta kafa hujja da abin da ya faru da tsiron hoodia a Afirka ta Kudu, da hatsin tef a Habasha, da maganin sikila na Niprisan a Nijeriya, don nuna cewa yarjejeniyar rabon amfani takan mutu ne a daidai wurin da labari ya yanke, kuma ya fi yankewa bayan an sa hannu. Ta amsa sukar da ake yi wa wannan ra'ayi, ta kuma faɗi abin da ya kamata hukumomin Nijeriya da Nijar su ɗora wa duk mai neman izinin ɗiba.

Gabatarwa

Kafin shekarar 1992, mai binciken da ya shiga wata ƙasa ya ɗebi irin gero, ko saiwar magani, ko ƙasar gona mai ɗauke da ƙananan halittu, ba shi da wanda dole ya yi wa bayani. Ana ɗaukar waɗannan abubuwa gadon bil'adama baki ɗaya, kuma haka wata matsaya ta Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki irin shuka a 1983. Inda gizo ke saƙar shi ne, gadon na kowa ne a lokacin ɗiba, amma da zarar ya shiga ɗakin gwaji ya fito magani ko ingantaccen iri, sai ya zama mallakar wanda ya yi masa rajista. Yarjejeniyar kare halittu iri-iri da aka buɗe don sa hannu a birnin Rio na Birazil a 1992, wadda ta fara aiki a Disambar 1993, ita ta sauya wannan tsari. Ta ce kowace ƙasa tana da iko da albarkatun halittunta, ba za a ɗiba ba sai da yardarta bisa sani, kuma amfanin da aka samu za a raba shi bisa sharuɗɗan da ɓangarorin suka amince da su. Da aka ga maganar ta tsaya a takarda, sai aka sake zama a birnin Nagoya na Japan, aka amince da ƙarin yarjejeniya ranar 29 ga Oktoba, 2010, wadda ta fara aiki ranar 12 ga Oktoba, 2014.

Wanda ya karanta yarjejeniyar Nagoya da natsuwa zai lura cewa yawancin sassanta hanyoyin isar da labari ne. Sashe na 13 ya ce kowace ƙasa ta naɗa jami'in tuntuɓa da hukumar da za ta ba da izini. Sashe na 14 ya kafa rumbun bayanai na duniya inda za a ajiye dokokin ƙasashe da takardun izinin da suka bayar. Sashe na 17 ya nemi a samar da wuraren bincike a ƙasashen da ake sarrafa albarkatun, domin a san abin da ya shigo da inda ya fito. Sashe na 12 kuwa ya nemi a taimaki al'ummomi su tsara nasu ƙa'idojin da za su gindaya wa baƙo. Duk da haka, a ƙasashenmu an fi fahimtar sadarwa da taron wayar da kai na yini biyu a babban birni, sai kuma takardar yarda da za a sa wa hannu ko a dangwala mata yatsa. Matsayin wannan maƙala shi ne, sa hannu ƙofar sadarwa ce kawai. Nauyin da ke kan mai ɗiba ya fi girma a shekarun da ke biyo baya, lokacin da shi kaɗai ya san abin da albarkatun suka zama, kuma duk dokar da ba ta tilasta masa ya dawo da labari ba, ta bar rabon amfani a hannun ganin damarsa.

Abin da Ya Faru a Wurare Uku

Mutanen San, mazauna yankin hamadar Kalahari, sun daɗe da sanin cewa tauna tsiron hoodia yana danne yunwa da ƙishi a doguwar tafiyar farauta. Cibiyar binciken kimiyya da masana'antu ta gwamnatin Afirka ta Kudu, CSIR, ta yi shekaru tana nazarin tsiron, ta ware sinadarin da aka sa wa suna P57, ta yi masa rajistar haƙƙin ƙirƙira a shekarun 1990, ta ba kamfanin Phytopharm na Birtaniya lasisi, shi kuma ya haɗa gwiwa da kamfanin Pfizer na Amurka da fatar samar da maganin rage ƙiba. A duk tsawon wannan tafiya babu wanda ya tuntuɓi San. Sun ji labarin ne a 2001, bayan da jaridar Observer ta Birtaniya ta buga shi, inda shugaban Phytopharm ya nuna cewa a fahimtarsa mutanen da suka san sirrin tsiron sun riga sun ƙare. Bayan an kai ruwa rana, aka kafa majalisar San ta Afirka ta Kudu, aka shiga tattaunawa, a watan Maris na 2003 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba San kashi 8 cikin ɗari na kuɗin da CSIR za ta riƙa karɓa a matakan gwaji, da kashi 6 cikin ɗari na kason cinikin da zai shigo mata. Maganin bai kai kasuwa ba. Pfizer ya janye a 2003, kamfanin Unilever da ya gaje shi ya janye a 2008, kuɗin da ya shiga asusun San bai taka kara ya karya ba. Amma abin da ya kamata a lura da shi shi ne, majalisar da aka kafa domin wannan magana ta ci gaba da rayuwa. Ita ce ta fitar da ƙa'idojin bincike na San a 2017, waɗanda suka shimfiɗa wa duk mai son yin bincike a cikinsu yadda zai nemi izini da yadda zai dawo musu da sakamako.

Labarin tef ya fi wannan ban takaici, domin a nan an bi ƙa'ida tun daga farko. Tef ƙaramin hatsi ne da ake yin gurasar injera da shi, abincin yau da kullum a Habasha da Eritriya. A watan Afrilun 2005, cibiyar adana halittu ta Habasha da hukumar binciken aikin gona ta ƙasar suka ƙulla yarjejeniya da wani kamfani na ƙasar Holan mai suna HPFI. An ba kamfanin damar amfani da wasu nau'o'in tef don sarrafa abinci a Turai, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyan kuɗi, da haɗa gwiwa da masu binciken Habasha, da gabatar da rahoto a kai a kai. A lokacin an yi ta nuna yarjejeniyar a tarurrukan duniya a matsayin abin koyi. To amma tun kafin a sa hannu, mutanen da ke bayan kamfanin sun riga sun shigar da neman rajistar haƙƙin ƙirƙira kan sarrafa garin tef, wadda ofishin rajista na Turai ya amince da ita a 2007. Rahotannin da aka yi alkawari ba su zo yadda aka tsara ba, dangantaka ta yi tsami, a 2009 kamfanin ya durƙushe, masu shi kuma suka ci gaba da harkar tef da sunan wasu kamfanoni. Nazarin da Cibiyar Fridtjof Nansen ta ƙasar Norway ta fitar a 2012 ya nuna cewa tsabar kuɗin da Habasha ta samu Yuro 4,000 ne kacal. Sai a Nuwambar 2018 wata kotu a birnin Hague ta soke rajistar tef da aka yi a cikin Holan, a shari'ar da kamfanoni biyu na ƙasar suka yi da juna, ba tare da Habasha tana ciki ba.

Takardar da Habasha ta riƙe ba ta rasa tanadi mai kyau ba. Abin da ta rasa shi ne hanyar sanin abin da ke gudana a ɗaya ɓangaren, da wanda zai bi sawu idan rahoto ya makara, da hukumar da za ta kai wa kuka a ƙasar da kamfanin yake. Wanda ya ba da saniya kiwo bisa sharaɗin raba 'yan maruƙa, idan ba ya jin labarin ta haihu ko ba ta haihu ba, kasonsa yana baki ne kawai. Wannan shi ne halin da mai bayar da albarkatu yake ciki a kowane lokaci, domin shi ya ba da abin da ke hannunsa a rana ɗaya, yayin da amfanin zai bayyana bayan shekara goma ko fiye, a wata nahiya, wataƙila ma da sunan wani kamfani daban. Shi ya sa nake ganin sharaɗin rahoto ya fi sharaɗin kaso muhimmanci. Kaso komai yawansa ba ya ƙirguwa sai an san abin da aka samu.

A gida Nijeriya ma akwai abin dubawa. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta haɗa kai da wani mai maganin gargajiya daga jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, kan haɗin da yake bai wa masu cutar sikila. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace da Yarabawa ke kira osun. Cibiyar ta yi yarjejeniya da shi a rubuce, ta kuma sa sunansa cikin waɗanda suka ƙirƙiri maganin a takardar rajistar da aka samu a Amurka a 1998, shekaru goma sha biyu kafin Nagoya. Wannan ya isa hujja cewa zama da mai ilimin gargajiya a yi magana da shi a matsayin abokin aiki abu ne mai yiwuwa a nan. Sai dai a 2002 an ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa maganin, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya faɗa matsalar kuɗi a 2008, aka janye lasisin a 2009, magani ya yi wuyar samu na tsawon shekaru. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, majinyata da iyayensu su ma masu ruwa da tsaki ne, kuma su ne suka fi kowa jin jiki da tsarin ya tsaya, alhali ba su da kujera a teburin da aka ƙulla shi.

Halin da Muke Ciki

Nijeriya tana da dokar ɗibar albarkatun halittu da rabon amfani tun 2009, a ƙarƙashin hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Nagoya tun 2014, Nijeriya ta biyo baya. Ƙasashen biyu su ne kan gaba a noman wake a duniya, cibiyar IITA da ke Ibadan tana adana nau'in wake sama da 15,000, cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai tana adana irin gero da sauran amfanin gonar Sahel, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da takwararta INRAN a Nijar. Wato dai ɗibar iri daga gonakinmu ba baƙon abu ba ne. Amma dokokin da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, haka ma takardun neman izini, mutanen da ilimin ke hannunsu kuwa da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci suke magana. Akwai ma wani ruɗani da ko jami'an gwamnati sukan faɗa ciki. Gero da dawa da wake da masara da shinkafa suna cikin amfanin gona 64 da wata yarjejeniya daban ta 2001 ta sa a tsarin musaya na bai ɗaya, inda amfanin ke shiga asusun duniya, amma gyaɗa ba ta ciki, haka ma itatuwan magani irin su sabara da marke da ƙirya. Manomin da aka nemi irinsa yana da haƙƙin a gaya masa wace doka ce ta shafi abin da ya bayar, domin ita za ta nuna masa ko akwai abin da zai sa rai da shi.

Sannan akwai tambayar wa ake yi wa magana. Al'ada ce mai kyau baƙo ya fara sauka wurin hakimi ko dagaci ko mai unguwa, kuma duk mai binciken da ya tsallake su ya yi kuskure. Amma izinin shiga gari daban, yardar mai ilimi daban. Sanin irin da ke jure fari yana wurin sarkin noma da tsofaffin manoma, sanin maganin dabbobi yana wurin arɗo da makiyaya, sanin saiwa da sassaƙe yana wurin masu maganin gargajiya da wanzamai da mafarauta. Babban kaso na wannan ilimi kuma yana hannun mata: ungozoma da ta san abin da ake ba mai jego, da matan da ke adana irin kuɓewa da yakuwa da riɗi shekara da shekaru. Taron da aka yi a ƙofar fada da rana tsaka ba ya kai wa ga yawancinsu. Idan ba a tura mace ta shiga gida ta yi bayani ta kuma saurara ba, yardar da aka rubuta a rahoto ta rabin gari ce.

Sukar da Ake Yi

Masu bincike da dama suna kukan cewa waɗannan sharuɗɗa suna daƙile ilimi. A 2018 wasu masana halittu daga ƙasashe da yawa sun rubuta a mujallar Science cewa dokokin da suka biyo bayan yarjejeniyar Rio suna hana nazarin halittun da aka ce ana son karewa. Kukan nasu yana da tushe, kuma ɗalibin jami'ar Bayero ko ta Abdou Moumouni da ke son tattara ganye don digirinsa bai kamata a ɗora masa abin da za a ɗora wa babban kamfanin magunguna ba. Yarjejeniyar Nagoya kanta, a sashe na 8, ta nemi a sauƙaƙa wa binciken da ba na kasuwanci ba. Sai dai idan aka bi diddigin jinkirin da ake kuka da shi, za a tarar yawancinsa daga rashin bayani ya taso: ba a san ofishin da za a je ba, wasiƙa ba ta samun amsa, hukumomi biyu kowace tana cewa ita ce mai izini. Maganin wannan shi ne a ƙara hasken hanya. Kuma tsaurin da wasu ƙasashe ke yi ɗan rashin yarda ne, rashin yardar kuwa irin abin da ya sami Habasha ne ya haife shi.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Ana cewa ilimin zogale ko aduwa ko kuka ya bazu daga Sanagal har Sudan, to wace al'umma ce za ta ce nata ne? Gaskiya ne ba za a iya zama da kowa ba, kuma zaɓen ƙauye ɗaya a ba shi kaso a bar maƙwabtansa yana iya haddasa rigimar da babu ita a da. Afirka ta Kudu ta fuskanci wannan a kan shayin rooibos. Sai da aka shafe kusan shekara tara ana tattaunawa kafin a Nuwambar 2019 masu masana'antar suka amince su riƙa biyan kashi 1.5 cikin ɗari na farashin da ake sayen ganyen daga gona ga majalisun San da Khoi, kuma a 2022 aka biya kason farko na sama da Rand miliyan 12. Ko a nan, ƙananan manoman rooibos na yankunan da ake nomansa sun yi ƙorafi kan ko wakilcin ya game su. Darasin shi ne wakilci ba ya samuwa da kansa, gina shi ake yi, kuma yana cin lokaci. Sashe na 11 na yarjejeniyar Nagoya ya tanadi haɗin kan ƙasashe idan albarkatu ko ilimi sun ratsa iyaka. Tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, harshe ɗaya ne, iri ɗaya ne, masu maganin ma sau da yawa dangin juna ne, don haka kamfanin da aka tsaurara wa a gefe ɗaya zai iya tsallakawa ya ɗiba a ɗaya gefen idan hukumomin ƙasashen biyu ba sa jin ɗuriyar juna.

Akwai kuma masu cewa yawan bayani yana sa mutane dogon buri, tunda mafi yawan abin da aka ɗiba ba ya zama haja. Wannan hujja ce ta faɗin gaskiya tun farko, a ce musu a cikin samfuri masu ɗimbin yawa ɗaya ne yakan kai kasuwa, kuma hoodia ma bai kai ba. Mutanen karkara sun san noma, sun san ba kowace shuka ke yin yabanya ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne su ji a bakin wani cewa an yi arziki da abinsu. Maganar sirri ma haka take. Kamfani yana da haƙƙin ɓoye dabarar sarrafawarsa, mai magani yana da haƙƙin ya ƙi faɗin haɗinsa, kuma dole a gaya masa cewa yana da ikon cewa a'a. Amma sanar da cewa an miƙa samfuri ga wani kamfani, ko an nemi rajista, ko an fara sayarwa, bai tona asirin kowa ba.

Sabon ƙalubale shi ne, yanzu ba sai an ɗauki iri a jaka ba. Ana karanta jerin ƙwayoyin gadonsa a ɗora a intanet, wani a wata nahiya ya sauke ya yi aiki da shi. Taron Cali na ƙasar Kolombiya a 2024 ya kafa asusu inda ake sa ran manyan kamfanonin da ke cin moriyar irin waɗannan bayanai su riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na ribarsu ko kashi 0.1 cikin ɗari na cinikinsu, kuma aƙalla rabin kuɗin an ce na buƙatun al'ummomin asali da na karkara ne. A shekarar ce kuma Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta nemi mai neman rajista ya bayyana inda ya samo albarkatun da ilimin da ya dogara da su. Duka biyun suna ƙara nuna cewa wanda ba shi da wakili mai ji da gani ba zai san ma akwai kason da zai nema ba.

Don haka ina kira ga NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Nijeriya, da takwarorinsu na Nijar, da su sa sharuɗɗa uku a kowace takardar izini: a yi wa al'umma bayanin yarjejeniya da harshenta, a baki da kuma a rubuce, a boko ko ajami, kafin a nemi yardarta, mai izini ya kawo rahoto duk shekara, wanda za a karanta wa al'ummar a zaman da mata ke da wakilci a cikinsa, rashin kawo shi kuma ya zama dalilin soke izini, sannan duk miƙa samfuri ga wani, ko sayar da kamfani, ko durƙushewarsa, a sanar kafin nauyin ya sauya hannu. Gidajen rediyo, waɗanda har yau su ne suka fi isa ƙauye, su riƙa sanar da izinin da aka bayar a yankinsu. Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, don haka tana da dalilin fara fitar da dokarta da shi. Sassan nazarin harsunan Nijeriya da na kimiyyar tsirrai a jami'o'inmu su haɗa hannu su fassara dokar 2009 da yarjejeniyar Nagoya, su miƙa wa hukumomin nan.